Madatsar Karan Dawa

A Dajin Gangare komai da tsarinsa. Zaki ke mulki, Dila ke riƙe da doka, Kura ke karɓar kwangila, mu kuma sauran dabbobi namu tafi. Haka muka taso muka tarar, kuma ba a taɓa jin wani ya ce tsarin ya gaza ba, sai dai a ce damina ce ta zo da ƙarfi bana.

Dajin kashi biyu ne. Akwai Tudu, mazaunin manya. Akwai Kwari, mazaunin masu haƙa rami, su bushiya, su gafiya, su kurege, su jaɓa, da duk wanda in ya mutu ba a fasa cin kasuwa. Tsakanin Tudu da Kwari akwai tafki, a bakin tafkin kuma akwai madatsa. Aikinta biyu: ta riƙe ruwan damina a sha da rani, ta kuma hana shi gangarowa kan 'yan Kwari. Kowace shekara majalisa kan zauna a gindin gamji ta ba da kwangilar gyaran madatsar nan. Kowace shekara kuma sai ta yi yoyo, ruwa ya shiga ramuka, a kwashi 'ya'ya a hau suri, a yi ta tsine wa "wasu mutane", in rana ta fito a shanya kaya a koma.

Ba wai dalilin ɓoyayye ba ne. Hatsin da ake ware wa aikin kan fito daga rumbun fada a bayan giwa. Kura ta karɓa, ta ɗebi nata, ta sayar wa Gwaggon Biri aikin. Shi ma ya ɗebi nasa, ya sayar wa Gadu. Haka zai yi ta gangarowa hannu zuwa hannu yana ramewa, har ya iso tafki a bakin tururuwa. Wanda ya saya daga ƙarshe shi ke shiga laka, shi ke shan zagi. A wasu wurare ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu tamu Kurar ta daɗe da gyara wannan magana, ta riƙe aikin gardin, ta bar wa wasu bugun.

To, a Kwari akwai wani namijin bushiya, ana ce masa Cindo saboda ƙarin yatsa da aka haife shi da shi. Bai fi dunƙulen hannu ba, amma in ya buɗe baki sai ka waiwaya kana neman ɓauna. Bai taɓa cin na kowa ba, wannan gaskiya ne, kodayake mahassada na cewa ba a taɓa ba shi ba ne. Duk inda aka taru, ko suna ko jana'iza, sai ya sako zancen madatsa. Matarsa Tasalla takan ce, "Malam, don Allah yau dai a ci tuwo ba madatsa."

Shekarar da ruwa ya wuce gwiwa ya kai wuya, gunagunin Kwari ya hau Tudu har ya hana Zaki barcin rana. Wannan kuwa babban laifi ne. Aka buga ganga, aka kira zaman gyara, aka ce yau kowa na da baki. Cindo ya ɗauka da gaske ake, ya haye saiwar gamji ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin manyan dawa," in ji shi. "Ciwonmu ba na ruwa ba ne, na baki ne. Shekara nawa muna zuwa nan muna cewa wasu sun ci, waɗansu sun sha, su wane sun san kansu? Wasu ba su da rami balle a je a same su. Su wane ba su da wuya balle a sa musu igiya. Mun mai da majalisa dandalin habaici, kamar maroƙan da aka hana kyauta. Ni shawarata, a naɗa mai duba aiki. In ya ga ha'inci, ya tsaya nan gaban kowa ya kira sunan mai shi da bakinsa, sau uku, ba kwana-kwana. Wanda aka kira ya miƙe ya faɗi wanda ya sayar masa. Shi ma wancan ya miƙe ya faɗi nasa. Mu ja igiyar nan har mu ga abin da ke ɗaure a ƙarshenta!"

Kwari ta ɗauki sowa. Kura ta haɗiye hammar da ta fara. Sai Dila, malamin daji, ya miƙe a hankali, kansa a sunkuye kamar wanda wa'azi ya ratsa.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin ina hidima a gindin gamjin nan, ban taɓa jin magana mai tsarki irin wannan ba. Ina bayanta ɗari bisa ɗari. Ƙari biyu kawai nake roƙo, don kare mutuncin bayin Allah. Na ɗaya, a fara kiran suna daga wanda ƙafarsa ta taɓa laka, a yi sama, kada a wayi gari ana yi wa manya ƙage. Na biyu, muddin mai duba aiki bai kira suna ba, to aiki lafiyayye ne, a sallami masu shi. Sannan wa ya cancanci wannan kujera in ba mai shawarar ba?"

Mai hankali in ya ga Dila na goyon bayansa, gida yake komawa ya sake tunani. Cindo bai koma ba. Ya ji an ce kujera, ƙayoyinsa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya amince da ƙarin duka biyu, har yana cewa ai su ne gishirin dokar. Nan take aka naɗa shi Sarkin Duba, ya koma Kwari bai san ƙafarsa na taɓa ƙasa ba.

Aka ba da kwangilar shekarar, kuma wannan karon ba gyara ba ne, sabuwar madatsa ce ɗungurungum: a rushe tsohuwa, a kafa turakun ƙirya, a cika da marmara, a daɓe da yumɓu. Kura ce ta samu, bayan takara mai zafi tsakaninta da ƙanwarta da wata 'yar ƙanwarta. Cindo bai damu ba, ya ce a bar su, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Doka ta ce a duba aiki in an gama, saboda haka duk rani yana gida yana gwajin jawabi. Tasalla ta ji jawabin nan har ta haddace shi.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, aka aiko cewa aiki ya ƙare. Cindo ya tafi da hantsi. Kai, madatsa ta yi kyau! Doguwa, sumul, an shafe ta da jar ƙasa, har da zane a goshi kamar ɗakin amarya. Ya zaga ta gaba, ya zaga ta baya, har ya fara jin haushin ba zai samu abin faɗa ba. Sai ya sa hanci a gindinta ya ɗan tona, don dai a ce ya tona. Bai kai taƙi ɗaya ba hancinsa ya zurma. Ya jawo abin da ya taɓa: karan dawa. Ya matsa gaba ya sake tonawa, kara. Ya sake, kara da ƙaiƙayi da wata tsohuwar tabarma. Babu ƙirya ko sanda ɗaya, babu marmara ko ta jifan tsuntsu. Danga aka yi, aka shafa mata laka.

Ya hau kanta ya dubi ƙasa. Ga Kwari nan shimfiɗe, ramuka sun fi ɗari biyu, ga hayaƙin girki na tashi, ga nasa ramin can kusa da magarya. Tsohuwar madatsa yoyo take yi. Wannan ba za ta yi yoyo ba, tafiya za ta yi gaba ɗaya ranar da tafki ya cika. Gabansa ya faɗi. Amma kada a ɓoye, can ƙasan faɗuwar gaban akwai ɗan daɗi, domin jawabinsa ya samu nama.

Ya ga wani kwaɗo a bakin ruwa, ya ce, "Kai, wa ya yi aikin nan da hannunsa?"

Kwaɗo ya ce, "Af, Sarkin Duba, ai kai za a tambaya. Na gida ne. Tsoho Nomau ne, baban maiɗakinka. Tun cikin sanyi yake jan kara shi kaɗai."

To, a Gangare ana iya zagin sarki a bayan idonsa, ana iya musun fitowar rana, amma ba a kama sunan suruki. Ba doka ba ce, ta fi doka, don ita doka ana karya ta a biya tara. Shekara tara Cindo na auren Tasalla, bai taɓa haɗa ido da Nomau ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi a hanya sai ya ratse ya durƙusa ko cikin ƙaya ne. Ko wani Nomau dabam ya gamu da shi, "mai sunan Baba" yake ce masa. Dila ya san haka. Duk dajin ma an sani, Cindo ne kaɗai ya manta ranar da yake kan saiwar gamji.

Ya tarar da Tasalla tana tankaɗe.

"Tasalla, kin san Baba ne ya yi madatsa?"

"Na sani mana. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kana ɗaki kana yi wa bango jawabi."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Soyayyar farar da aka yi ta aiko mana daga gidanmu duk rani, kana suɗe kwano kana Allah ya saka wa Baba, daga ina kake zaton ta fito? Daga sama?"

Cindo ya ji farar nan ta motsa a cikinsa da ƙafafunta duka. Ya ce, "Kara ne a ciki, Tasalla. In tafki ya cika, babu Kwari."

Ta ajiye rariya. Sannan ta ce, "To ka je ka same shi. Amma Malam, wallahi in ka tsaya gaban duniya ka kama sunan ubana gatsal kamar wani yaron gidanka, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba. In kuma ka yi shiru ruwa ya ci mini 'ya'ya, shi ma ban sani ba." Ta ɗauki rariya ta ci gaba, garin na zuba a ƙasa ba ta lura ba.

Da la'asar ya tafi. Ya yi sallama daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure, ya kafa ido a ƙasa. Aka gaisa: gajiya, iyali, zafi, hadari, aka sake komawa kan gajiya. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan tsohon ya taimake shi.

"Ka je ka gani ko?"

"Na je, Baba."

"Kara ne."

"Haka ne, Baba."

Nomau ya yi ajiyar zuciya. Tsoho ne da ƙayoyinsa suka yi fari suka fara zuba, sana'arsa saƙar zana da jinkar rumbu. Ya ce, "Dila da kansa ya zo. Nan inda kake durƙushe ya zauna. Ya ce Gadu na da aiki a hannu, fada kuma ta ji labarin amanata. Ni, ɗana! Shekara sittin ba wanda ya san ina raye. Kafin in ce uffan maƙwabta sun cika gida ana yi mini barka, na raba goro, an yi guɗa. Sai da aka watse aka kawo abin aikin. Na dubi ƙwarya, na dubi tsawon madatsa, na ce ina sauran? Aka ce ai wannan ne ya iso. Ko turke biyar na ƙirya ba zai saya ba. To in mayar? Bayan na raba goro? Danga na iya, danga na yi. Ɗan abin da ya ragu na saya wa jikokina fara."

Cindo na ta tonon ƙasa da yatsa.

"Gobe ka faɗi sunana," in ji tsohon. "Na yafe maka duniya da lahira. Ka faɗa, ni kuma in miƙe in faɗi wanda ya kawo mini, a ja igiyar taku. Kada ka bari ruwa ya ci jama'a saboda wani tsohon banza."

"Subhanallahi, Baba."

"Gwada yanzu in ji."

Cindo ya buɗe baki, iska ta fito. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," ya ja da baya da baya har ya fice. Da tsohon ya zage shi ko ya yi masa barazana, da abin ya zo da sauƙi. Amma suruki ya yafe maka tun ba ka yi laifin ba, ina za ka sa kanka? A hanya ya ratse cikin wata gona, ya tabbata ba kowa, ya fuskanci wani kututture ya gwada. Kututturen ma sai ya ga kamar yana da furfura.

Washegari gindin gamji ya cika. Zaki a kan dutsensa, Dila a dama, Kura a hagu ta sha wanka, 'yan Kwari a rana kamar kullum. Can baya Nomau na zaune shi kaɗai cikin tsohuwar rigarsa ta Juma'a. Cindo ya hau saiwa, ya ɗaga karan dawa sama.

"Allah ya ja zamanin manyan dawa! Ya ku jama'ar Gangare! Wannan da kuke gani shi ne ƙiryar da aka saya da guminku. Shi ne marmara, shi ne yumɓu. Da wannan aka ce a tare ruwan da ke kayar da kuka. An yi wa kabari shafe, an kafa shi a kan 'ya'yanmu, an ce mu yi barci. Na rantse, yau ba sani ba sabo!"

Jawabi ya yi jawabi. Ya kusa sa'a guda yana zuba, jaɓa na kuka, kurege na buga ƙasa da wutsiya, Kura ta fara duban hanyar da ta fi kusa da ita. Sai Zaki ya ɗaga hannu.

"Mun ji. Wa ya yi?"

"Ranka ya daɗe... wani dattijo ne."

Dila ya miƙe, murya a sanyaye. "Allah gafarta Sarkin Duba, dattawa a dajin nan suna da yawa, ni ma ina ciki. Doka ta ce suna."

"Dattijon nan na unguwar magarya, mai saƙar zana."

"Wannan unguwa ce da sana'a."

"Kakan 'ya'yana ne! Baban maiɗakina! Kowa ya san shi, ga shi can zaune!"

"Wannan dangantaka ce, Allah ya ƙara danƙon zumunci. Amma wani mai hikima ya taɓa tsayawa kan saiwar nan ya ce mana su wane ba su da wuya balle a sa musu igiya. Suna, sau uku, da bakin mai duba aiki. Ba ni na tsara ba."

Sai tsohon ya miƙe yana dogara sanda. "Ni ne! Ni Nomau, ni na yi danga na shafe ta da laka. Wanda ya kawo mini aikin kuwa..."

"Zauna, Baba, zauna," in ji Dila cikin ladabi. "Ba a kira ka ba tukuna. In kowa zai miƙe ya kira kansa, ina amfanin Sarkin Duba?"

Nomau bai zauna ba. Ya juyo ya dubi mijin 'yarsa ido cikin ido, karo na farko a shekara tara. "Faɗa, ɗana. Don girman Allah, faɗa."

Abin da ya ƙarasa Cindo ke nan. Da tsohon ya yi zamansa a baya, wataƙila da ya runtse ido ya yi ta maza. Amma ga idon suruki a kansa, ga na duniya, ga Tasalla can cikin mata ta rufe fuska da gyale. Sunan ya taso daga ciki, ya iso maƙogwaro, ya tsaya kamar ƙayar kifi. Ya ji bayansa na lanƙwashewa. Ya yi ƙoƙarin hanawa, ina! Jiki ya san abin da ya gada. Sarkin Duba na Dajin Gangare ya dunƙule a kan saiwar gamji, ya gangaro ya tsaya a gaban Zaki, ƙwallon ƙaya, karan dawa yashe a gefensa.

A nan ne ya kamata in ce 'yan Kwari sun tashi da ihu, su ne fa ruwan zai ci. Amma mu ne mu. Wata tsohuwar gafiya ce ta fara magana tana share ƙwalla: "Allah sarki, ɗan halak! Wannan ya samu tarbiyya." Wani ya ce, "Wallahi 'ya'yan yanzu ne da tuni sun faɗa." Wani ya ce, "Ai kunya ado ce." Kafin ka ce kwabo Kwari gaba ɗaya na sa wa Cindo albarka, iyaye na nuna wa 'ya'yansu ƙwallon ƙayar nan suna cewa ku yi koyi. Tafin da aka yi masa ran nan ya fi na ranar da ya kawo dokar.

Dila ya jira tafi ya lafa. "Ranka ya daɗe, ba a kira suna ba. Bisa doka, aiki lafiyayye ne."

Zaki ya yi miƙa. "A sallami masu aiki. Sarkin Duba kuma a ƙara masa rawani, ya nuna mana har yanzu akwai 'ya'yan mutunci."

A dunƙule aka naɗa masa rawanin, sai da aka sha wahala saboda ƙaya.

Bayan kwana biyu Cindo ya kwashi Tasalla da yara ya kai su wani kango a gefen Tudu, ya ce sauro ne ya dame su. Ya bi ramuka yana raɗa wa jama'a su tashi. Kaɗan suka tashi. Sauran suka ce, "Haba Sarkin Duba, ai majalisa ta ce lafiya, kuma kana wurin." Ya aiki Tasalla ta roƙi tsohon ya hawo. Ta dawo da kuka, ta ce ya ce wanda ya yi danga shi ke tsaronta. Kullum da sassafe ana ganinsa yana ɗebo yumɓu a sakaina yana liƙa wa madatsa, sakaina ɗaya bayan ɗaya, a jikin abin da ko shekara goma zai yi ba zai cike ba.

Ruwan farko ta riƙe. Na biyu ma ta riƙe, har Dila ya aiko a tambayi Cindo ko yana da abin cewa. Na uku ya sauko wata Laraba da azahar, kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba har la'asar sakaliya. Cindo na tsaye a bakin kango, jiƙe sharkaf, yana kallo. Ya ga tafki ya cika ya batse. Ya ga wani ɗan farin abu a kan madatsa yana kai da kawowa. Sannan ya ga tsakiyarta ta buɗe kamar an ɗage labule, ba ma wata ƙara mai yawa. Ɗan farin abin ya tafi tare da ita.

Ramuka saba'in ruwa ya shafe. Tsohuwar gafiyar da ta fara yabo, ita da jikokinta huɗu, ba a ƙara ganinsu ba. Nomau sai washegari aka tsinto shi a can gangare. Tasalla ba ta yi wa mijinta gori ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai daina kiransa Malam, ta daina kiransa komai.

Ran sadakar uku majalisa ta yi zaman jaje. Cindo bai jira izini ba. Ya ratsa taro, laka har wuya, ba rawani, ya haye saiwa. Wannan karon babu jawabi. Ya buɗe baki, sunan ya fito da sauƙin da ya ba shi tsoro.

"Nomau! Nomau! Nomau! Shi ya yi aikin. Na faɗa, sau uku, da bakina. A ja igiya!"

Wasu tsofaffi suka toshe kunne. Wata ta ce, "A'uzubillahi, ko kwana uku bai cika a ƙasa ba." Kura ta dubi Dila. Dila ya miƙe ya gyara riga, fuskarsa cike da alhini.

"An kira suna bisa ƙa'ida," in ji shi. "Doka ta ce wanda aka kira ya miƙe ya faɗi wanda ya sayar masa. Malam Nomau, majalisa na saurarenka."

Aka saurara. Iska ta kaɗa ganyen gamji, sauran ruwan jiya ya ɗiɗɗigo a kan jama'a. Dila ya sake kira, ya kuma sakewa, yana barin tazara mai kyau tsakanin kira da kira, don kada a ce an yi wa dattijo gaggawa.

"Bai miƙe ba, ranka ya daɗe. Igiya ta ƙare a nan. Abin da ya rage mana a kan wannan bawan Allah shi ne addu'a." Ya ɗaga hannu sama. "Allah ya jiƙan Nomau. Allah ya yafe masa kurakuransa, waɗanda muka sani da waɗanda ba za mu taɓa sani ba. Allah ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan."

Duk gindin gamji aka ɗaga hannu, Tudu da Kwari. Kura ta fi kowa kuka. Cindo na tsaye a kan saiwa, bakinsa cike da sunaye, Gadu, Gwaggon Biri, Kura, Dila, ba ɗaya cikinsu da yake jin kunyarsa. Amma addu'a ake yi, kuma surukinsa ake yi wa. Wane mara mutunci ne zai katse addu'ar surukinsa? Ya duba, ya ga hannayensa sun riga shi, suna sama.

"Amin," in ji jama'a.

"Amin," in ji Cindo, ya shafa.

Zaki ya ce a shiga batu na gaba. Dila ya ce batu na gaba shi ne sabuwar madatsa, kuma tun da abin na gaggawa ne, dole a ninka abin da aka ware bara. Kura ta share hawaye, ta gyara zama.